Jinin Rago a Goshin Mota

Ungulaye ne suka fara ganinta. Da hantsin Juma'a wani manomin Lahodu ya hango su suna shawagi bisa gonarsa, ya kutsa cikin dawa yana zaton mushen akuya zai jawo. Sai ya tarar da Asta matar Abu, mai tallan nono, kwance rub da ciki, taku ashirin daga bakin hanya. Ƙugunta ya karye, gefen kanta ya fashe. An yayyago ganyen dawa an rufa mata, irin rufin wanda ke sauri. Matan da suka yi mata wanka sun ce ƙasa ta cika mata farce, wato da sauran ranta aka bar ta.

Wannan ya faru shekara uku kafin Turawa su naɗe tabarmarsu, lokacin da motocin da ke bin hanyar Wurno zuwa Goronyo ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Don haka ba wanda ya wahalar da kansa da tunani. Ranar Alhamis aka kawo wa Alhaji Halliru, babban falken albasa na Wurno, sabuwar motar kitika koriya shar, aka yi kiɗa, aka yanka rago. Da la'asar kuma kowa ya ga Sale, ɗan ƙanwar Alhaji, ya hau ta ya nufi hanyar Lahodu wai gwaji. Da 'yan doka suka duba motar suka ga goshinta ya lotse ta hagu, ga busasshen jini baƙi ƙirin. Kafin a sauko daga masallaci Sale yana ɗaure a ƙofar hakimi.

Mu mutanen Wurno akwai mu da saurin yanke hukunci, balle a kan wanda muke jin haushin sa'arsa. Sale ya yi shekara shida yana karen mota a Gusau, ya dawo da lasin a aljihu da agogo a hannu. Bakunan da suka yi masa kirari ranar Alhamis su ne ranar Juma'a ke cewa dama sun san za a rina. Alƙali ya ce ranar Talata za a tura shi Sakkwato, kuma kowa ya san abin da ke jiran wanda ya buge mace ya ɓoye ta da rai: igiya ce. Kafin nan ma ga wata igiyar. Da jiƙaƙƙiyar rama aka ɗaure masa hannu biyu ta baya, irin ɗaurin da ke ƙara cizo in ya bushe, aka ce ba kwancewa sai ya amsa laifinsa.

* * *

Abu bai yarda da shari'ar gari ba. Yana gama binne matarsa ya je ya ɗauko Maigandi, tsohon da ya shekara arba'in yana bin sawun shanun sata daga bakin Rima har ƙasar Rabah. Siriri ne, ba ya son magana, kuma bai taɓa shiga mota ba tun da uwarsa ta haife shi.

"Baffa, so nike ka nuna ma alƙali sawun yaron ga," in ji Abu, "kada Alhaji shi saye shari'a."

"Ni ba ni nuna sawun kowa. Abin da ƙasa tac ce shi nika hwaɗi. In tac ce abin da ba ka so hwa?"

"Mi za ta cewa? Gari dut ya gani."

"Gari dut ya tattake min wuri dai," in ji Maigandi.

Gaskiyarsa kuwa. 'Yan kallo sun mayar da bakin gonar kamar filin dambe. Tsohon bai ko tsaya nan ba, ya yi gaba yana tafiya a duƙe, hannu a baya, har ya kai inda tururuwa suka yi cincirindo a kan wani faffaɗan tabo. Ya ɗebi ƙasar ya shinshina. Sa'an nan ya bi cikin ciyawa yana tsince sakaina ɗaya-ɗaya yana zubawa a hularsa.

"Abu, yaushe taka hita da nono?"

"Da sahe, in an gama tatsa."

"In ta komo da la'asar, mi ka cikin ƙwarya?"

"Hatsi. Wani bi gishiri."

"To nono na anka zubar nan, ƙwarya cike. Ba hatsi ko ƙwara."

Abu ya ce wataƙila ba ta sayar ba ne ranar. Maigandi bai yi musu ba. Ya zauna gindin wata kalgo ya shiga harhaɗa sakainar. Ƙwaryar aurenta ce, mai zanen tsani kewaye da baki. Duk ta haɗu sai wuri ɗaya a bakin, giɓi mai faɗin yatsa uku. Ya koma ya tankaɗe ƙasar wurin da hannu har rana ta karkata, bai samu ba.

Can gaba, inda burtali ya ratsa hanya, ya sami abin da ya sa ya daɗe a tsugune. Garken su Abu kan ƙetare nan sau ɗaya a yini, in raɓa ta kaɗe, da yamma kuwa ta mashaya suke komawa ruga. Yau ba a ko sake su ba. Sawun taya iri ɗaya ya bi wurin sau biyu. Ɗaya ya hau kan kofatan shanu ya murje su, ya je gindin tsamiya ya juyo. Ɗayan kuwa shanu ne suka taka shi, kuma yadda ya kwantar da ciyawa daga wajen Goronyo ya fito. Bai shiga Wurno ba, ya saki hanya ya bi burtali, ya zagaye gari ta baya ya faɗa hanyar Sakkwato.

"Ban san mota ba," in ji Maigandi. "Amma na san wanda ab bisa shi yaz zo baya. Motag ga sau biyu tab bi nan, Abu. Ta sahe dabam, ta la'asar dabam."

* * *

Maigandi ya sami Sale a rumfar ƙofar hakimi, jingine da ginshiƙi. Hannuwansa sun kumbura sun fara yin shuɗi. Uwarsa Laraba na durƙushe tana ba shi fura da ludayi.

"Samari, ka bi hanyar Lahodu?"

"Na bi, Baba, bayan la'asar. Na kai gindin tsamiya nij juyo. Ko kaza ban taka ba."

"Lotsewag ga hwa?"

"Ban gan ta ba. Sadda anka ba ni makulli goshinta dut jinin rago na."

"Wa yas sa anka zuba mata jini?"

"Mu'azu dillali, wanda yak kawo ta. Yac ce haka akan yi ma sabuwar mota."

"Kai da kay yi shekara shida cikin mota, ka taɓa gani?"

Sale ya sunkuyar da kai. "Rago dai akan yanka sadaka. Zubawa ban taɓa gani ba. Amma ga Kawu tsaye, ga taro, ga kiɗa. Mi za ni cewa?"

Laraba ta ajiye ludayin. "Malam, Asta kullum ni taka hwara kawo ma nono. Alhamis ba ta zo ba. Na hwaɗa ma alƙali, yac ce shaidar uwa ba ta wanke ɗa."

Maigandi ya dubi hannun nan, abin ya sosa masa rai, don ya taɓa ganin yadda igiya ke kashe ƙafar maraƙi. Ya roƙi ɗan dokan da ke gadi ya sassauta ko kaɗan. Ɗan doka ya ce shi umarni aka ba shi, in tsoho yana da magana ya kai wa na gaba. Na gaba kuwa ya ce in ya kawo wani mai laifin sai a musanya.

* * *

Alhaji Halliru ya karɓi Maigandi a zaure, ya rame a kwana ɗaya. Da aka tambaye shi yadda ya sayi motar sai bakinsa ya buɗe, don ciwo ne da ya daɗe yana cinsa.

Wata bakwai yana sintiri zuwa Sakkwato. Kamfanin na wani Bature ne, amma Baturen ba a ganinsa, sai dillali. Motar ma ba a ganinta, sai hotonta a littafi, ka nuna launin da kake so da yatsa. Yau a ce jirgin ruwa bai iso Ikko ba, gobe a ce jirgin ƙasa bai iso Gusau ba. Ka gama ciniki ka ce alhamdu lillahi, a ce taya ta biyar daban take, jak daban, tamfol daban. A kan tamfol ɗin ne ma ya yi fushi ya ce a bar shi, ya rufe albasarsa da zana kamar yadda ubansa ya yi. Duk wannan bai dame shi kamar bakin gari ba. Har 'yan mata sun sa shi a waƙar gaɗa, wai Alhaji mai motar takarda.

"Da taz zo hwa?" in ji Maigandi.

"Da taz zo goshinta rufe da jan ƙyalle. Dillali yac ce sabuwar mota awa amarya ta, mai ita kaɗai ka hwara ganin huska. Munka ɗaga ni da shi, sannan anka kawo rago. Yac ce a zuba jinin bisa goshi don ta sha nata tun yanzu, kada ta nemi na mutum. Liman Abdulƙadiri yac ce wanga ba addini ba na, yat tashi yab bar wurin. Ni kau mi nis sani ga mota? Wanda yas sai da ita shi yas san halinta."

"Da kunka ɗaga ƙyalle, lahiya lau kag gan ta?"

Alhaji ya dubi ƙofa. "Na riga na hwaɗa ma alƙali. Lahiya lau taz zo."

A kusurwar zauren akwai wani abu naɗe, sabo fil, yana warin kanti. Maigandi ya zungure shi da sanda.

"Wanga hwa?"

"Tamfol na. Dillali yaƙ ƙara min kyauta."

"Mutumin da yah hana ka shi wata bakwai, ranar kyauta tat taso mai?"

Kafin Alhaji ya amsa sai ga dillalin da kansa. Alƙali ya ce ya dakata a gari har a gama bincike, shi ya sa yake baƙunta a gidan. Mu'azu mutum ne mai faran-faran, da farar riga da takalmin Bature, irin wanda in ya gaishe ka sai ka ji kamar kai kaɗai ya zo gani. Ya ce shi daga Sakkwato ya taso da safe, ya shigo ta ƙofar da kowa ya gan shi, bai san ma ina ne Lahodu ba. Da aka yi masa zancen sawu biyu sai ya yi dariya.

"Tsoho, taya ba kohwato ba ta. Irin wagga kamhwani ya sai da ta hi dubu. Ka iya cewa wagga saniyar wane ta, amma taya ba ta da uwa ba ta da uba."

Alhaji ya yi caraf ya karɓe. Ya ce ai akwai wata motar gyaɗa a Rara, ƙasar Rabah, direbanta mashayi ne, kuma an ce takan ratso nan. Ya kamata a duba ta. Har dokinsa ya bayar don a yi sauri.

* * *

Maigandi ya kashe Asabar ɗungum a kan wannan magana. Ya isa Rara da azahar ya tarar da motar gyaɗar a ɗage bisa duwatsu, ba taya ko ɗaya a baya, kaza har ta yi ƙwai a ƙarƙashinta. Kwanan motar tara a haka. Ya daɗe yana kallon kazar nan. A shekara arba'in ɓarayi da yawa sun ɓatar masa da sawu, amma bai taɓa ganin mai dukiya ya ɓatar da shi ba.

Ranar Lahadi ya juya akalarsa ya bi sawun safe a baibai, ya wuce Rimawa, sawun bai rabu da shi ba har ƙofar wani attajirin shinkafa a Goronyo, ana kiransa Lawwali. Lawwali bai ɓoye ba, da yake su biyu ne.

"Mu'azu dillali ya kawo wata koriyar mota ran Laraba da marece. Na hau, mun zagaya kasuwa, jama'a sun gani. Yac ce ta wani mutumin Wurno ta, amma in ina son irinta shi sa sunana. Nan yak kwana. Da sahe yam makara, yat tashi awa iska, yac ce makaɗa na jira nai."

"To ka zo ka hwaɗa ma alƙali."

"Ni? Tsoho, ya sa ni gaba cikin layi. In nib buɗe baki, sai dai jikokina su ga mota."

"Igiya ta ka jiran ɗan mutane."

"Allah shi kuɓutar da shi," in ji Lawwali, ya miƙo goro.

Maigandi bai karɓa ba. Wanda zai sayi mota a wancan zamanin ya fi mai neman aure ladabi, ba ya son ɓata wa waliyyi. Tsohon ya kama hanyar Wurno da gaskiya cike da ciki, ba shi da ko ɗaya da alƙali zai karɓa. Nono ya ce da safe ne, shanu sun ce da safe ne, amma ba a rantsar da tururuwa ko saniya. Yana tafe yana shafa ƙwaryar Asta da ya liƙe da ƙaro, yatsansa na faɗawa cikin giɓin nan. A wajen Rimawa ya ja linzami ya tsaya. Saniyar da ta kutsa shinge takan bar gashi a jikin ƙaya, amma ita ma takan tafi da ƙaya a jikinta. Abin da ba ya ƙasa yana tare da wanda ya wuce.

* * *

Da la'asar ɗin Litinin aka taru a ƙofar hakimi, inda motar take tsaye tun Juma'a, ɗan doka na gadinta, ba a wanke ba. Alƙali na bisa buzu. Alhaji da Mu'azu na gefe guda, Abu da danginsa na ɗaya gefen da sandunansu. Aka jawo Sale, Laraba na biye. Maigandi ya sa aka kira mahaucin da ya yanka ragon.

Bai taɓa kusantar motar ba kafin wannan lokacin, kuma da gangan, don kada a ce shi ya saka wani abu. In babu abin da yake zato, gobe Sale ya tafi. Ya ajiye ƙwaryar a gaban alƙali, ya nuna giɓin, sa'an nan ya durƙusa gaban ragar ƙarfen da ke goshin motar yana bin ta da ido layi-layi. Ya kai ƙasa ta hagu, ƙarƙashin lotsewar, ya tsaya.

"Kada kowa shi taɓa. Allah shi gafarta Malam, taso ka gani da idonka."

Alƙali ya taso ya duƙa. Tsakanin ƙarfe biyu wata 'yar sakaina ta cuse, jini ya rufe ta har ta saje da ƙarfen, sai an ƙura ido ake ganin zanen tsani.

Abu ya yi kururuwa, danginsa suka ɗaga sanduna, 'yan doka suka tare. Mu'azu ya tafa hannu.

"To, ga ta nan. Yaro ya buge ta, ga shaida. Ranka shi daɗe, sai a sallame ni, kamhwani na jirana."

"Zamna tukun," in ji Maigandi. Ya juya ga mahauci. "Yaushe kay yanka?"

"Bayan azahar kaɗan."

"Rago wane iri?"

"Hwari tas."

"Jinin ya daɗe bai bushe ba?"

"Cikin wagga rana, bisa ƙarhe mai zahi? Kahin in gama hiɗa ya ƙame."

"Sale kau sai bayan la'asar yah hau. Malam, dubi yadda jinin yag gangaro. Daga ƙarhen bisa yah hau sakaina, yas sauka ƙarhen ƙasa, zare guda bai tsinke ba. Ga gashin rago hwari ya manne, rabi bisa ƙarhe, rabi bisa sakaina. In da la'asar tash shiga, da ita ab bisa jini. Ga shi jini na ab bisanta."

Ya ciro hantsakin cire ƙaya daga wuyansa ya miƙa wa alƙali. Alƙali ya zaro sakainar da hannunsa. Inda ta tashi ƙarfen kore ne shar, ba ɗigon jini, sai wani farin busasshen abu da ya yi ɓawo. Alƙali ya kankaro ya shinshina, ya ce nono ne. Ya ɗora sakainar a bakin ƙwarya, ta zauna daram, tsani ya haɗu da tsani.

"Sadda anka yanka rago tana ciki," in ji Maigandi. "Sadda anka ɗaura jan ƙyalle tana ciki. Wa ad da sitiyari kahin azahar?"

Duk fara'ar Mu'azu ta zube. Ya dubi hanya, ya ga Fulani sun tare ta. Irinsa kuwa ba ya nutsewa shi kaɗai.

"Alhaji ya gani!" ya ce da ƙarfi. "Ya ga lotsewa tun kahin a kawo rago! Na ba shi tamfol yay yi shiru! Ku tambaye shi!"

Idanu suka koma kan Alhaji Halliru.

"Yac ce jirgi na yab buge ta a Gusau. Gari dut ya taru, makaɗa sun zo tun sahe. Wata bakwai ana min waƙa. In ce musu lotsattsa anka kawo min?"

"Wannan Alhamis ke nan," in ji alƙali. "Ran Juma'a hwa, da nit tambaye ka, yaro na ɗaure gabanka?"

"Yac ce in nib buɗe baki za a tahi da ita Sakkwato shaida, kamhwani kau ba su musanyawa. Na ce yaro na, ba shi da laihi, za su gaji su sake shi."

Laraba ta dube shi, yayan da ya goya ta, ta ce, "Yaya." Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Abu ya matso gaban Mu'azu, ba sanda a hannunsa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Abu guda nika tambaya. Da kaj ja ta cikin dawa, ta yi magana?"

Mu'azu ya dubi takalminsa. "Ruwa tac ce."

"Ka ba ta?"

"Na makara. Ana jirana."

'Yan doka shida ne suka raba Abu da wuyan Mu'azu.

* * *

Igiyar Sale ba ta kwantu ba, ta nutse cikin nama, sai da aka sa aska. Mu'azu ne ya tafi Sakkwato ranar Talata a madadinsa. Kamfani ya aiko da takarda cewa ba ma'aikacinsu ba ne, dillali ne kawai mai cin gashin kansa, kuma ba su san da wata al'adar rago ba. Abu ya karɓi ƙwaryar ya kwashe shanunsa ya yi arewa, ba a sake ganinsa a ƙasar Wurno ba.

Hannun hagu na Sale ya dawo bayan sati uku. Na dama bai dawo ba. Malamin asibiti ya duba ya ce jijiya ta mutu, da an kwance shi ko da kwana ɗaya kafin nan da wataƙila an ceto ta. Da labarin ya kai wa Maigandi sai ya ce, "Asabar ɗin Rara ta." Daga ranar bai sake karɓar dokin kowa ba in zai bi sawu.

Motar ta yi wata biyu a Sakkwato, aka dawo da ita a wanke, an buge lotsewar. Wannan karon ba kiɗa. Alhaji ya sa aka tsayar da ita a ƙofar gidan Laraba, wadda ba ta taka gidansa ba tun ranar, ya yi sallama har sau uku. Sale ya fito. Maƙwabta suka leƙo, don mu ba ma rasa leƙe.

"Ɗana," in ji Alhaji, "na yi kuskure. Ga ta nan. Ba direba nika nema ba, taka ta, halak malak."

Sale ya dubi motar, ya dubi kawunsa. Da hannun dama ake karɓar kyautar babba, haka aka koya masa. Ya sa hagu ya tallafo damar ya miƙa. Alhaji ya ɗora masa makullin a tafin hannu, ya tsaya yana jira yatsun su rufe. Makullin ya zame ya faɗi cikin ƙasa tsakaninsu.

"Kawu, ɗauki abinka," in ji Sale. "Ni ba ni iyawa."